Kawuna Tara a Jikin Ƙyaure

Tun yana saurayi sana'arsa ɗaya, zanen allon masu aski. Kawuna ne a jere, kowane daga gefe don a ga yadda aski ya zagaye kunne, da lamba a ƙasa don mai son aski ya nuna ya ce wannan. Bai taɓa zana mutum mai ido biyu ba. A gidan hayarsu Mai Buroshi ake ce masa.

Da annoba ta zo aka hana fita, shagunan aski suka rufe, fenti ya fara daskarewa a gwangwani. Sai ya ciro ƙyauren kabad ɗin matarsa, ya zauna bakin taga yana zana duk wanda ya gitta tsakar gida. Hannu ya saba, kowane kai ya samu lambarsa.

Ana haka 'yan sintiri suka kama mai walda, wanda ke sulalewa ta ƙofar baya zuwa aiki. Matarsa ta zo shanya, ta leƙa tagar, ta ga mijinta a lamba huɗu. Kafin yamma maƙwabta suka ɗauke masa gaisuwa. Mai gidan hayar ya aiko cewa da an buɗe gari yana bukatar ɗakinsa. Ita kanta matar Mai Buroshi ta tambaye shi, murya ƙasa-ƙasa, wa yake kai wa sunayen mutane.

Ya ciccibo ƙyauren zuwa tsakar gida. Aka tsaya nesa-nesa, kowa da takunkumi, ana harararsa. Ya yi bayanin kunne da lamba. Tela ya ce shi ma yana auna mutane, amma sai sun kawo kansu. Mai walda, da aka sako da gwiwa a kumbure, ya ce biri ya yi kama da mutum.

Wata tsohuwa, da kowa ke kira Goggo, ta bi kawunan ɗaya bayan ɗaya da sandarta.

"To, ɗan nan, duk mazan gidan ga su. Ina mai gida? Shi ba a kai sunansa ne?"

Idanu suka koma kan mai gidan. Aka tuna ɗakinsa ne ke kallon ƙofar baya.

Mai Buroshi ya san dalili sarai: mutumin sanƙo ne da shi, allon aski ba shi da abin yi da kansa. Ya buɗe baki, ya tuna ana neman karɓe ɗakinsa, ya rufe.

Mai gidan ya yi gyaran murya, ya kifa bokiti ya zauna, ya juya gefe.

"Maza sa ni, malam. Maganar ɗaki kuma, ai wasa nake yi."

Ya zama lamba goma. Mai Buroshi ya ƙara masa suma, kyauta.