Baba Wada, Mai Fiton Alhazai a Tafkin Chadi

A da, da an idar da sallar asuba za ka ga Baba Wada yana hawo tudun unguwar Nakkasa a nan Makka, sanda a kafaɗa, garwa biyu cike da ruwa. Yaran da aka haifa a nan Ammi Wada mai moya suke ce masa, wato Kawu Wada mai ruwa, iyakar saninsu ke nan. Bana gwiwa ta ƙi, ya ajiye sanda. Ya kamata a gaya musu ko wane ne.

Kafin ya zo Makka, mai fito ne a Tafkin Chadi. Alhazan ƙafa in sun iso bakin ruwa ba sa ganin komai sai ciyawa da ta fi mutum tsayi, wadda iska kan turo ta toshe hanyar da aka bi jiya. Shi ke ɗaukarsu a kwalekwale. Inda ruwa ya janye, ya shige gaba a ƙafa, yana gwada laka da gora.

Hajiya Asiya ta unguwar Zahir ta ba ni labari. Mijinta ya rasu a hanya, naƙuda kuma ta kama ta a tsakiyar tafki. Madugun ayarin ya ce a sauke ta wurin masunta a wani tsibiri, ta biyo wani ayarin.

"Wani ayarin sai baɗi," in ji Wada. "Wanda na ɗauko, sai na kai shi gaci."

Ya tuɓe rigarsa ya yi mata inuwa, mata suka kewaye ta. Jirgin ya kafe. Ya dira cikin ruwa har ƙirji, ga dorina na huci kusa, ya yi ta ja bai waiwayo ba. Sai da ya ji kukan jaririya ya tsaya, ya yi kabbara. Ita ce Rumasa'u, yanzu tana goyon ɗanta na biyu.

Baba, kai ne ka shekara da shekaru kana miƙa mutane gabas, kana komawa kai kaɗai, har ranar da ka bar wa ƙanenka jirgin ka bi sawunsu. Da na tuna maka zancen Hajiya, cewa ka yi, "Allah ne ya sauke ta, ɗana. Ni ja kawai na yi."

Mun gode, Baba. Allah ya saka da Aljanna.

Ku kuma samari, hajji ya matso, baƙi za su cika lunguna, wasu ba su san kowa ba. Ku riƙe hannun ɗaya har masauki. In kun dawo, ku biya ku gaishe da Baba. Ba zai faɗa ba, amma yana son a zo masa hira.