Dama a Danja

Manchester, shida saura kwata

Muna idar da sallar asuba na tayar da mota. Asabar ce, gari da duhu, ga yayyafin nan nasu da sai ka raina shi yake jiƙa ka sharkaf. Mu uku ne: ni, da 'yata Ummi mai shekara takwas da na naɗe da bargo a baya, da Kawu Sani, ƙanin mahaifiyata, wanda ya sauka daga Amurka shekaranjiya. Shekara ashirin da biyu yana tuƙin tasi a can, kuma ba ya barin mutum ya manta. Ɗansa Bashir aka yi wa haihuwa a Birmingham, Kawun ake jira ya raɗa wa jariri suna ƙarfe takwas da rabi. Mil tamanin da 'yan kai ne.

Kawu ya buɗe ƙofar dama zai zauna, ya yi kiciɓis da sitiyari. Ya zagaya yana mita.

Ba mu yi minti biyar ba danja ta tsayar da mu, zan yi dama. Titi fayau, ko kare babu.

"Hajara, me kike jira? Ba dama za ki yi ba?"

"Ja ce, Kawu."

"Ja ta masu miƙewa ce. Mai yin dama yana da dama. Ki tsaya cak, ki duba mai ƙafa, ki duba mota, in ba kowa ki sulale. Haka doka take."

"A can ke nan. Mu nan hannun hagu muke bi. In na yi dama sai na ratsa gaban masu tahowa."

Ya zana titin da yatsa a kan gwiwarsa, ya gyaɗa kai. "Af. Ƙasar bahagwai ke nan."

Akwai abin da ban faɗa masa ba, ban kuma faɗa wa kowa a gida ba. Lasin ɗina bai shekara biyu ba, kuma sabon direba a nan in ya tara maki shida na laifi, ƙwace lasin ake yi. Ni ina da uku. Ummi sikila gare ta, ran da ciwon ya tashi na taka mota zuwa asibiti, kyamara ta ɗauke ni. Tsallake danja wasu ukun ne. Babanta yana Kano, ni kaɗai ce da ita da karatuna. In lasin ya tafi, wa zai kai ta? Ina tsoron jar fitila fiye da yadda nake tsoron malamin da ke duba bincikena.

Babbar hanyar M6

Bakwai saura kwata muka tsaya a wurin hutawar matafiya. Shayi kofi ɗaya fam uku da wani abu. Kawu ya kurɓa, ya dubi kofin, ya ce ruwan wanke kofi ne aka sayar mana da tsada. Na fito da ƙosan da na soya tun jiya, muka huce haushi a kansa.

Bayan Stafford aka matse hanya saboda gyara, allo ya ce mil hamsin. Na kafa allura a hamsin kamar an buga mata ƙusa. Manyan motoci ma har hura mana hanci suke. Kawu ya ce, "Ɗiyata, wannan tuƙi ne ko rakiyar amarya?" Na yi dariyar yaƙe. Daga nan cunkoso ya riƙe mu minti arba'in wajen Walsall.

Birmingham, takwas da minti ashirin da biyar

Muka sauka ta mahaɗar nan da suke kira taliya, don gadoji sun nannaɗe juna, muka ratsa Aston. Bashir ya kira sau biyu. A na biyun na ji yana cewa, "Baba, liman yana da jana'iza ƙarfe tara, don Allah ku yi sauri."

Tara saura minti ashirin muna kan titin Stratford a Sparkhill. Masu shagunan kayan miya suna ta fito da akwatunan tumatir da kuɓewa. Layin su Bashir yana hagu, ina hango shi, danja ta kawo ja.

Kawu ya gyara zama. Ashe tun Manchester yake lissafi.

"Yawwa. Na gano ku. Tunda komai naku a juye yake, hagunku ita ce damarmu. Ba wanda za ki ratsa. Shiga."

"Kawu, nan ko hagu babu dama."

"Wace irin ƙasa ce dama babu dama, hagu babu dama? Ni nake ce miki ki shiga. Na yi tuƙi tun kina rarrafe. Jikana na fari ne, a raɗa suna ba ni?"

Wallahi na ji kunya har cikin ƙashina. A gidanmu ba a ce wa kawu a'a. Shi ya biya mini kuɗin makarantar sakandare. Na ji ƙafata ta fara sassauta birki, mota ta ɗan motsa.

Sai Ummi ta leƙo daga bargo, da Turancinta na 'yan Manchester da Kawu sai ya kasa kunne yake kamawa. Ta ce Mama tana da maki uku, in ta ƙara uku ba mu da mota, kuma ita ba ta son zuwa asibiti a bas, akwai sanyi.

Na danne birki. Kawu ya juyo ya dube ni.

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Kawu."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

Waya ta sake ƙara, ya ɗauka ya ce, "Bashir, muna danja. Ka ba liman haƙuri, in ba zai iya jira ba ya raɗa, sunan ba zai canza ba." Ya kife wayar a cinyarsa. Motoci uku a bayanmu, babu wanda ya taɓa oda. Muka zauna har danja ta kawo kore.

Liman ya jira. Muka same shi da takalmi ɗaya a ƙafa. Yaro ya ci sunan Muhammad Sani, aka yi addu'a, aka kawo waina da miyar taushe. Kawu ya riƙe takwaransa ya sa masa albarka. Da matan gida suka fara tsokanata wai na yi tuƙin kunkuru, shi ya tare musu: "Ku bar ta. Direba ce."

Komawa

Mun bar Sparkhill ƙarfe uku bayan la'asar, muka biya Perry Barr muka ajiye wa wata ƙawata naman suna. Duk danjar da muka zo, Kawu sai ya riga ni: "Ja ce, Hajara." A hanya ya tambaye ni magungunan Ummi ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta a bayan tikitin jirginsa. Ya ce zai kira mahaifiyata, shi zai yi mata bayani, kuma daga yau kada in ƙara ɓoye irin wannan.

Biyar da rabi muka shigo unguwarmu. A danjar ƙarshe babbar fitila tana ja, sai ga 'yar koriyar kibiya ta kunnu a gefenta tana nuna dama. Na san ta sarai, hannu ta ba ni, amma gajiya ta sa na tsaya ina kallonta.

Kawu ya leƙa, ya duba mai ƙafa, ya duba mota.

"Wannan kam damarki ce, ɗiyata. Bismillah."

Na karya kan mota. Mun iso gida lafiya, makina uku suna nan uku, Ummi tana barci. Allah mun gode.