Ayar da Na Karanta wa Ƙanwata a Zaman Makoki

A lokacin ni ce mai karatu a zumuntar mata ta ƙaramar majami'armu a Birnin Konni. Mu kaɗan ne, yawancinmu kuma ba su shiga lakwal, wato makarantar boko, ba, ni kuwa na gama firamare, don haka ko suna ake ko biki ko rasuwa, ni ake miƙa wa Littafi Mai Tsarki. Ina da wata dabara da na koya wurin wata tsohuwa: in rufe ido, in buɗe littafin duk inda ya buɗu, in ɗora yatsa, abin da yatsan ya taɓa shi ne saƙon Allah na ranar. Na ɗauki littafin kamar tiren mai tallan magani, kowace cuta da ƙwayarta. Mata suna yaba ni, kaina yana ƙara girma, ba zan ɓoye muku ba.

Ƙanwata tana aure a wani ƙauye kusa da Dogarawa. Ɗanta na fari ya kamu da zazzaɓi ana tsakiyar noma, ta ce bari a ƙarasa gona tukuna a kai shi likita. Ba a ƙarasa ba yaron ya rasu. Na hau motar kasuwa na tafi, na tarar mata sun cika tsakar gida, suka ce in karanta musu wani abu. Na yi yadda na saba. Yatsana ya sauka kan wata aya da ke cewa ƴaƴan wawa ba su da mai cetonsu. Na karanta da ƙarfi kafin ma'anar ta iso kaina. Ƙanwata ta ɗago ta tambaye ni ko ni na zaɓi ayar. Don kada a ce dabarata ta banza ce, na ce mata ba ni na zaɓa ba, Allah ne.

Ba ta yi mini faɗa ba. Daga baya ta haifi mace, tana shayar da ita amma ba ta yarda ta goya ta, sai dai wata ta goya. Da lokacin yaye ya yi aka kai yarinyar wurin kakarta ta wajen uba a Badagishiri kamar yadda ake yi, sai ƙanwata ta ƙi zuwa ɗauko ta. Mijinta ya yi lallashi har ya gaji. Ita dai cewa take Allah ya riga ya faɗi ko ita wace ce, hannunta ba ya riƙe ɗa. Ina jin labarin nan, ina cewa ai baƙin ciki ne, zai wuce.

Ana haka aka kawo mana sabon fasto, ya ce za mu karanta littafin daga farko har ƙarshe, ba tsallake. Raina bai so ba, amma ni ce mai karatu. A hankali na ga ashe labari ne guda: Allah ya yi mutane, suka bijire, shi kuma ya yi ta bin su zamani bayan zamani. Da muka iso labarin bawan Allah nan mai haƙuri da ya rasa ƴaƴansa da dukiyarsa, sai ga ayata. Ashe wani abokinsa ne da ya zo gaisuwa ya faɗe ta, kuma a ƙarshen labarin Allah ya tsawata wa abokin, ya ce bai faɗi gaskiya game da shi ba. Na kasa ƙarasa karatun ranar. Da muka kai kan gicciye kuwa, marar laifi ne ya mutu, uwarsa tana tsaye tana kallo, ba wanda ya kira ta wawa.

Na koma ƙauyen na zauna kwanaki, muna ɓarar wake da ƙanwata ina ba ta labarin tun daga farkonsa. Da na gama sai ta ce ashe maganar da Allah ya ƙi ita ta ɗauka a ka duk shekarun nan. Ta tambaye ni me ya hana ni juya shafi. Na roƙe ta gafara. Ta yafe mini, kuma da kanta ta je Badagishiri ta ɗauko ƴarta.

Abin da na koya ke nan: kafin ki ɗora wa wani aya, ki san wa ke magana, da wa yake, kuma ina labarin ya nufa. Ƴan uwana masu karanta wa waɗanda ba su iya ba, ku ji tsoron Allah, domin duk abin da ya fito bakinku a matsayin hukuncinsa suke karɓa. Yarinyar ta shiga lakwal bana, tana gidan iyayenta lafiya lau. Amma in ta faɗi ta ji ciwo, kakarta take kira, ƙanwata tana tsaye a gabanta da hannu a miƙe.