Yaya Sallau da Akwatin Zanensa

Duk wanda ya san Yaya Sallau ya san ba ya gaisawa da mutum sai ya auna shi. Zai kanne ido ɗaya, ya miƙo fensir saitin fuskarka, ya ɗora babban yatsa a kai, sannan ya ce, "Hancinka ya fi na bara." Baƙo ya tsorata, mu kuwa mun saba. Ni ce ƙanwarsa Hanne, kuma ni ce na shekara arba'in ina faɗa da fensirin nan, don tun ina yarinya nake jin malamai na cewa mai zana abu mai rai zai sha tambaya gobe kiyama. Tsoron da nake yi masa ke nan.

A kwalejin horon malamai ya kwaso abin. Ya dawo da littattafan wasu Turawan da, marubuta da masu zane, waɗanda suka mutu tun ba a haifi kakanmu ba. Ni ban yi boko ba, amma sai ya tsare ni ina tsinkar zogale yana yi mini bayani. Wai gida biyu ne. Akwai 'yan zuciya, masu hawa dutse su yi ta kallon hadari suna hawaye. Sai 'yan ido, masu cewa a zana manomi da fasonsa, kada a yi masa kwalliya.

Na ce, "To kai ɗan wane gida ne?"

"Ɗan ido ne ni. Amma da damina zuciya takan ja ni."

Ta kuwa ja shi! Wata rana hadari ya haɗo, kowa na kwashe shanya, shi kuwa ya hau keke sai bakin dam ɗin Watari. Can ya tsaya ruwa ya ƙare a kansa. Ya dawo yana rawar sanyi.

"Hanne, yau na ga ikon Allah!"

Na ce, "Daga zaure ba a ganinsa?"

Kwana tara ina dafa masa citta da kanumfari.

Dagacinmu na wancan lokaci, Allah ya jiƙansa, ya taɓa sawa ya zana shi. Ya sha rawani, ya zauna tun hantsi. Da aka miƙa masa takardar sai ga giɓinsa tangaran a gaba.

"Malam Sallau, ina haƙorina?"

"Ranka ya daɗe, in ka kawo shi sai in sa."

Ni ma ban tsira ba. Ya zana ni a sace, fuska a murtuke kamar an aiko mini da mutuwa. Na ce, "Yaya, haka nake?" Ya ce, "Wannan ma ranar sunan jikanki ce, kina cikin murna."

Ranar na kai ƙararsa wajen liman. Aka yi sulhu a kan zai riƙa jan layi a wuyan duk abin da ya zana, don kada surar ta cika. Shi ke nan fa, ya bi garin nan ya yanke kowa, har jakin da ke kai masa taki gona. Mai shayin bakin kasuwa ya ga nasa, ya dafe maƙogwaro.

"Malam, me na yi maka?"

"Ba ni ba ne, Hanne ce ta sa."

Shekara guda mutumin nan ba ya amsa gaisuwata.

Bara bayan girbi ciwo ya kwantar da shi. Ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Akwatin nan na ƙarƙashin gado, in na tafi ki ƙone abin da ke ciki. Wataƙila ke ce da gaskiya." Bai taɓa gaya mini haka ba, kuma wallahi ban ji daɗinta ba.

Bayan sadakar uku na hura wuta a tsakar gida, na buɗe akwatin. Takardar farko Inna ce, mahaifiyarmu, tana sussukar gero, ɗankwali ya zame, ga tabon ƙuna a hannunta na hagu wanda ni har na manta da shi. Matar da ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. A ƙarƙashinta ga tsofaffin unguwarmu, ɗaya bayan ɗaya, duk sun riga mu. Daga baya na rufe akwatin, na ɗora ruwan tuwo a kan wutar, kada itace ya tafi a banza.

Ya Allah, shi ya ce a ƙone, ni ce na ƙi. In akwai laifi a ajiyar nan, a rubuta shi a kaina. Ka jiƙan Yaya Sallau, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka sada shi da Inna. Amin.