Rabin Fuska daga Dogon Dutsi

Anka

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba, Asabar ta farko a hutun bazara, ina durƙushe a ɗakina ina shawara da gilasan kyamara kamar masu ji. Farkon shekarun tamanin ke nan, ina koyarwa a firamare. Hoto ba sana'ata ba ce, ciwo ne ya kama ni. Gilasan nan da ake ɗaura wa kyamara a baki, kowanne na raɗa masa suna. Akwai Gajere, mai ɗaukar mutum yadda Allah ya yi shi. Akwai Faffaɗa, mai kwaso gida da rumbu da jakin maƙwabci a kati ɗaya. Wanda raina ke wurinsa kuwa ba nawa ba ne. Dogo ke nan, mai jawo abin nesa, yana Gummi hannun Baba Sande mai hoto.

Niyyata in yi hutu a Nijar, har Yamai, don an ce mini a hanyar Doso raƙuman dawa na tsallaka titi kamar awaki. Niyyar Inna daban. Ƙanwarta Hajo, wadda muke kira Inna Ƙarama, aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, rabonsu da juna ya haura shekara ashirin. Ciwon ƙafa ya zaunar da waccan, ciwon ido ya zaunar da wannan.

Inna ta shigo da ƙullin daddawa da turmin atamfa, ta jibga a kan jakata.

"Auta, mi kake da ƙwalabe tun ba a yi salla ba?"

"Gilasai ne, Inna. Ina zaɓen wanda zan tafi da shi."

"Ka zaɓi mai gani. Hajo nike so ka ɗauko man, duk da ita, tun daga kallabi har yatsan ƙahwa. Kak ka yanke man ƙanwa."

A wurinmu hoton da ya yanke mutum ba hoto ba ne, na fasfo ne, sai gwamnati. Na ce to. Abin da ban faɗa ba shi ne, ko na kawo ba lalle ta gani ba. Yanar ido ta fara rufe mata gani. Duk hoton da na ba ta sai ta kai shi hanci ta ce, "Waɗanga tururuwa su wane ne?" Abin yana ci mini rai, amma na naɗe Gajere da Faffaɗa cikin safa na cusa a jaka. Ƙarfe shida da minti goma a-kori-kura ta tashi da mu daga tasha.

Bukkuyum

Mu goma sha huɗu a baya, har da buhunan gishiri da wani dattijo mai zakara. Da muka bar kwalta muka nufi Bukkuyum, sai hanya ta fara sussukarmu. Na rungume jaka kamar mai jego. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ƙwai ne?" Na ce ya fi ƙwai. Ya ce, "To Allah shi ƙyanƙyashe."

Takwas da rabi na sauka gidan Kawu Bawa, autan su Inna, mutumin da ya fi sanin ƙudan zuma fiye da 'ya'yansa. Aka kawo fura mai sanyi da nono. Da ya ji inda za ni, sai ya shiga ɗaki ya fito da kwalbar zuma, an toshe bakinta da totuwar masara.

"Kawu, ba ta zubewa?"

"Kai, yaro! Tun ba a haihe ka ba nike toshe zuma da totuwa."

Wa zai yi gardama da kawunsa a kan totuwa? Da hannunsa ya tura kwalbar cikin jakata, daidai gefen safar Faffaɗa. Ƙarfe ɗaya na samu motar Gummi.

Gummi

Baba Sande Bayarabe ne, amma ya daɗe a Gummi har Sakkwatancinsa ya fi nawa nuna. Shi ke wanke mini hoto. Na same shi da la'asar yana shanya katuna a igiya. Ya ɗauko Dogo daga kanta, tsawonsa ya kai taɓaryar yara, na ɗaura na leƙa. Sai ga mai tsire na can ƙarshen layi a gabana, har ina ganin ƙuli a gemunsa. Wallahi sai da na haɗiyi yawu.

"Ka san doka," in ji Baba Sande. "Mai hoto ba shi barin gurbi wohi. Ka ɗau guda, ka aje guda. Aje Faffaɗa."

"Haba Baba! Gadar Yamai fa? Kogin Kwara fa? Da mi zan kwaso su?"

"To, Gajere za ka bari? Malam, wa za ka gani can, mutum ko dabba?"

"Duka biyu."

"Wanne ya aike ka?"

Na yi dariya. Na yi masa dogon bayani irin na malaman makaranta, cewa Faffaɗa ma yana ɗaukar mutum, illa dai ya ɗan kumbura masa hanci. Ya girgiza kai, ya karɓi Gajere ya ajiye a gurbin Dogo. "Kunne ya ji," ya ce, bai ƙarasa ba. A shagonsa na kwana a kan benci.

Sakkwato, Illela, Ƙonni

Lahadi ƙarfe shida na shiga bas, muka isa Sakkwato kafin azahar, na ci shinkafa da wake ta kwabo hamsin a tasha. Daga nan sai fijo zuwa Illela, mu huɗu a baya, rana tana dukan rufin mota kamar ta yi fushi da mu.

A ƙetaren iyaka wani jandarma mai gashin baki ya zazzage jakata. Ya sunsuni daddawa ya yi fuska, ya ga Dogo ya ja da baya.

"Wannan mine ne? Bindiga?"

Na ɗaura na miƙa masa. Ya leƙa, ya juya, ya juya, sai ya tsaya cak. Ashe abokin aikinsa ya hango can gindin bishiyar bedi, ya cire takalmi yana sharar barci baki buɗe. Mutumin nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya buga mini hatimi ya ce in gaida Yamai. Na ce a raina, ka ji ko, Baba Sande? Gajere zai iya wannan? A Ƙonni na kwana gidan wani mai sayar da albasa, da safe aka ba ni burodi dogo kamar sandar makiyayi.

Dogon Dutsi

Litinin, awa uku a mota, sannan awa ɗaya a amalanken shanu. Da azahar na yi sallama a gidan Inna Ƙarama. Tana kan gado a ɗan ɗakinta, tana fuskantar ƙofa. Da na ce ni ne Autan Yayarta na Anka, sai ta kama hannuna da hannu biyu ta ƙi saki. Muryarta ta Inna ce sak.

Na buɗe jaka in fito da tsaraba. Na ji hannuna ya maƙale. Totuwar Kawu Bawa, wadda ba ta taɓa ba shi kunya ba, ta zaɓi ranar. Zafi ya tunkuɗo ta, zuma ta bi safa, ta shige cikin Faffaɗa har ƙuryarsa. Na ɗaga shi ga haske, ba na ganin komai sai ruwan zinari da kiyashi biyu suna iyo. Na goge da riga, na hura, na yi salati. Ina!

"Abin naka zuma shika sha?" in ji Inna Ƙarama.

Ban yi dariya ba. Na tuna Gajere na can Gummi. Saura Dogo kaɗai, shi kuwa ba ya son mutum kusa.

Talata da hantsi rana ta shigo ta ƙofa ta sauka a kan gadonta. Ta ɗaura sabuwar atamfa, ta sa kwalli. Na roƙa a ɗauko ta a fito da ita fili. Ta ce, "Ni buhun hatsi ce?" Shi ke nan. Na fita waje na fara ja da baya. Taki ɗaya, hanci kawai. Taki biyu, hanci da ido. Taki huɗu, bayana ya bugi rumbu, kaza ta tashi ta bi ta kaina. Abin da Dogo ya yarda ya ba ni ke nan: ido ɗaya, kunci ɗaya, da gefen baki.

Na sauke kyamara na gaya mata gaskiya. Na ce Inna ta ce daga kallabi har yatsa, ni kuwa rabin fuska na samu, kuma laifina ne.

"Yaya har yanzu ba ta bar iko ba?" Sai ta juya mini kuncinta na hagu. "To wanga gehen za ka ɗauka. Ta san dalili."

Ta tuntsire da dariya, ni kuma na danna sau uku.

Yamai

Ba zan ɓata muku lokaci ba. Kwana biyu na yi. Raƙumin dawa ko wutsiyarsa ban gani ba, a zuwa da dawowa. Direba ya ce, "Jiya ma sun wuce nan." Haka na dawowa ma ya ce. Gadar Yamai kuwa, Dogo ya ɗauko mini fitilunta biyu da kan wani mai keke.

Gida

Juma'a na iso Gummi. Baba Sande ya karɓi Faffaɗa ya sunsuna, ya ajiye shi gefe. Ya ɗauki fim ɗina ya shiga ɗakin duhu inda yake wanke hoto. Da ya fito yana riƙe da kati babba, ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ba a yi masa ƙaramin kati, kuma kada in ce masa komai.

Asabar da la'asar na shiga gida. Inna na kan tabarma tana tsince wake da lalube. Bayan gaisuwa na tsaya ina kame-kame, ina ba ta labarin jandarma. Ta miƙo hannu kawai.

Na ba ta, ina jiran faɗa. Ta riƙe katin, ba ta kai shi hanci ba. Fuskar ta cika shi baki da baki, kowace tsaga ta kuncin ta fito raɗau kamar kunya a gona. Inna ta ɗora yatsa tana bin tsagar nan ɗaya bayan ɗaya. A kan wata ta tsaya, wadda ta karkace ta nufi kunne. Ni da na ɗauka ban ma lura da ita ba.

"Ga ta nan," ta ce. "Ranar sunanta, ina 'yar shekara shidda. Wanzami na yi mata tsaga tana ta tsala kuka, na sheƙo na ture mai hannu. Na sha kashi ranar." Ta goge ido da bakin zane. "Ita ta ce ka ɗau wanga gehen?"

"Ita ce, Inna. Ta ce kin san dalili."

"Ja'ira! Shekara sittin ba ta manta ba."

Tana dariya hawaye na zuba. Na ce ta yi haƙuri, ban kawo ƙafar ba. Ta ce, "Ƙahwa mi? Irin tawa ce, na santa. Wagga ita nike nema."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Baba Sande, na gode wa Kawu Bawa da totuwarsa, ko da yake Faffaɗa bai sake gani ba. Waken nan kuwa, ni na ƙarasa tsince shi, don har aka kira magariba Inna ba ta ɗauke yatsanta daga katin ba.