Bindigar Jamus ta gidanmu

Muna shan shayi a mamak, wato ƙaramin gidan abinci, a unguwar Wangsa Maju ta Malesiya, sai Faizal, ɗan Malesiya da muke karatu tare, ya ƙwace wayata yana ta zuƙo wani hoto.

Hoton tsohuwar bindigar gidanmu ne. Kakan babana ya dawo da ita daga yaƙin da aka yi da Jamusawa a Kamaru.

Faizal mayen tarihin bindigogi ne. Ya nuna min tambarin Jamus a jikinta, ya ce lambobinta duk sun dace da juna, ba a sauya mata komai ba. Wai masu tara irinsu a Turai za su zuba kuɗin da ban taɓa riƙewa ba, muddin ba a goge ta ba, ba a ƙara harba ta ba.

Nan take na kira ƙanin babana a ƙauye.

“Baffa, don Allah a naɗe bindigar nan a adana, dukiya ce.”

Ya ce, “A adana? Sani, da ita ƙaninka yake gadin bakin gari. Ɓarayin daji sun aiko cewa suna tafe, kuma mun kai kuka wajen hukuma har mun gaji.”

Wallahi tun ɗazu zuciyata ke tafasa. Abin da wasu ke rufewa a gilashi don ado, shi ne ya rage tsakanin ƙanina da masu AK. Ina waɗanda suka rantse za su kare mu?

Jama'a, ku faɗa min, me zan ce wa Baffa?