Malfar Mijin Dije

Abubuwa da yawa na aikin nan sun zube mini tun da na yi ritaya, amma ban da ranar da Dije ta ɗaga labulen ɗakina da gwangwanin man shafawa ƙulle a bakin zane. Har yau idan hadari ya haɗo ina zaune a ƙofar ɗakina a Damba, sai in ga kamar yanzu take shigowa.

Lokacin ina wani ƙaramin asibiti kusa da 'Yandoto, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, a matsayin jami'ar kiwon lafiyar al'umma. Ga wanda bai san aikin ba, mu ne masu awon ciki, da rigakafin yara, da wankin ciwo, da sauraron duk maganar da aka rasa wanda za a faɗa wa. Farkon daminar shekarar aka sanar da mu za a yi aikin ido kyauta a Gusau. Tsarin shi ne mu tara masu yanar ido, likita ya zo ya tantance su, sannan a sa musu rana. Idan an yi aiki yau, washegari da safe ake kwance bandeji. Cikin waɗanda aka ɗauka har da Malam Isa, mijin Dije, wanda yanar ta rufe wa ido biyu shekara da shekaru.

Tun da ya daina gani gona ta koma hannunta, don 'ya'yansu mata ne kuma ƙanana. Matar da a da ko zaure ba ta leƙawa sai da dalili, ita ce ta koma saɓa fartanya tun hantsi har la'asar.

Ta bari sai da layi ya ƙare sannan ta shigo. Ta kwance gwangwanin ta ajiye a gabana. Man bilicin ne irin na auno, ba suna ba takarda, ta saya ranar kasuwar Tsafe. Na dubi fuskarta. Ba ta kai arba'in ba, amma goshinta ya tattare, tamoji ya kwanta a gefen idanunta, ga kumatun sun fara ƙonewa saboda man.

"Malama, wanga mai ba shi aiki," in ji ta. "Ki ba ni wanda ka yi da sauri."

Na ce, "Saurin me kike yi haka, Dije? Ko amarci za a sake miki ba a gayyace mu ba?"

Ta rufe baki tana dariya, kafin in ankara dariyar ta koma hawaye.

"Malam za shi gani na. Rabon shi da huskata tun ina goyon autata. Har yau in muna hira cewa yakai, ke mai kumatu kamar an shahe su da man shanu. Waccan yas sani, Malama. In an buɗe mai ido ya iske wagga tsohuwa, mi zan ce mai?"

Tausayinta ya cika mini ciki. Na ɗauki gwangwanin na je wurin shugabar asibitin, Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, mace mai faɗa da tausayi a lokaci guda. Ta sunsuna shi ta yamutsa fuska.

"Hajiya, gyaran fuska ba ya cikin aikin da aka turo mu. Amma fata ma ai jiki ce. Kada ki mayar mata da wannan abin, zai cinye ta."

Na dawo na gaya wa Dije gaskiya, cewa layin da ya riga ya kwanta babu mai goge shi, duk wanda ya ce zai goge kasuwarsa yake ci. Abin da ake iya yi shi ne a tare sabo, a bar fata ta huta ta yi laushi. Da na tambaye ta da me take wanke fuska, sai ta ce sabulun wanki da soso, har sai wurin ya yi zafi, wai don ta kankare baƙin. Na ce ta bari, fuska ba gindin tukunya ba ce. Sabulu mara ƙarfi da tafin hannu sun isa, safe da yamma, sannan ta shafa ɗan man kaɗe tun fuskar tana da danshi. Na ce ta riƙa kawar da kai daga hayaƙin murhu, ta daina cinye barcinta wajen surfe. Ashe ko ruwa ba ta sha a gona, don kada fitsari ya kama ta, ga maza kewaye. Na ce ta sha, kunya ba ta shayar da fata.

Sai muka zo kan babbar magana, wato rana. Na ce mata matan birni suna da man kariyar rana da suke saya a kemis, yana kuma aiki, amma ke inuwa za ki ɗora a ka. Na tambaye ta ko akwai malfa a gidansu.

"Akwai ta Malam. Tana rataye ga ƙusa tun da ya bar zuwa gona."

"Ki ɗora ta bisa hijabinki."

Ta dafe ƙirji. "Ni? Malha? So kike a yi min waƙa cikin gari? Malha ai ta maza ta."

Na ce, "Fartanya ma ta maza ce, kin kuwa ɗauka."

Ta tashi ta tafi. Bayan 'yan kwanaki ina kan babur za a kai ni aiki, sai na hango malfa tana tafe a hankali tsakiyar wata gona. Gero yana girma, ni kuma kullum ina dubawa. Da fari ina ganin Dije har ƙugu, daga baya sai kafaɗa, har ta kai ba na ganin kowa sai malfar kaɗai tana yawo bisa koren ganye, raɓa tana ƙyalli kewaye da ita. Matan unguwa suka sa mata Sarkin Noma, ta toshe kunne. Ƙunar kumatun ta lafa, fatar ta yi taushi. Tamojin kuwa yana nan inda yake.

Gero ya fara fitar da kai aka kira su Malam Isa Gusau, ni aka ce in raka. Mun shiga ƙasar Bungudu, dutsen Kwatarkwashi ya yi rawani da gajimare, kowa yana kallonsa, Dije kuwa fuskarta take kallo a gilashin tagar mota.

Aka yi wa Malam Isa ido ɗaya, kamar yadda aka saba, na biyun sai wani zuwan. Da safe likita ya kwance bandejin. Dije ta laɓe a bayana, ta riƙe bakin rigata. Malam ya ƙifta ido, ya dubi taga, ya yi hamdala. Sannan ya ce, "Ina Dije?"

Na matsa gefe. Ya daɗe yana kallonta, har na fara jin tsoro. Ya ɗaga hannu kamar zai taɓa goshinta, ya tuna akwai mutane, ya mayar da shi kan cinya.

"Wanga duk rana ta?"

"Rana ta, Malam," ta ce, kanta a ƙasa.

"Ranata ta. Ni ya kamata ta daka, kika tsaya mata." Ya ci gaba da cewa, "Malhar da kika sace min kuma na sani, kullum sai na laluba ƙusar in ji wayam. Riƙe ta, taki ta. Amma ba ki ƙara sa ta don noma, sai in za ki kawo min hura."

Ni da nake taƙama na ga haihuwa na ga mutuwa, sai ga ni a baranda ina share ido da bakin gyale.

Tun daga nan na ƙara maganar fata cikin bayanin da nake yi wa mata ranar awo: a guji rana tsaka, a wanke a hankali, a shafa mai, a sha ruwa, a nisanci man auno, kuma a fara tun fuska ba ta nuna ba. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, idan mace ta ajiye muku gwangwani kada ku fara da faɗa. Ku tambaye ta idon wa take tsoro, ku kuma tambayi ranar wa take ɗauka, don wani tamojin ba tsufa ba ne, riƙon gida ne.

Da kaka ta yi na sake bi ta gonar. Malfa biyu na gani. Sabuwa tana sunkuye cikin dawa, tsohuwar kuma tana zaune a gindin kaɗanya, da ƙwaryar fura a gefenta.